Bambancin buƙatun ɗalibai a aji guda da matsayin harshen koyarwa: misalin Matamaye

0. Gabatarwa

Duk malamin firamare ya san cewa yaran da ke zaune a gabansa ba gudu ɗaya suke yi ba. Wani yakan kama darasi tun a faɗin farko, wani sai an maimaita sau uku, wani kuma har shekara ta ƙare bai buɗe baki ba. A cikin wannan maƙala muna so mu duba wannan rukuni na ƙarshe, watau yaran da ake cewa "ba su ganewa", mu ga ko su wane ne, da kuma abin da ilimin harshe zai iya ba malami don ya taimake su. Mun ɗauki misalin Matamaye, hedkwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, domin kusan dukkan dalilan da za mu ambata sun haɗu a wannan yanki.

Ra'ayin da za mu kare guda ɗaya ne. Abubuwan da ke hana yaro koyo suna da yawa, kuma kowanne da maganinsa. Amma muddin aka fara karatu da harshen da yaro ba ya ji, dukkansu sukan fito da kama ɗaya, watau shiru. Saboda haka harshen gida, ban da amfanin da aka san shi da shi wajen koyarwa, shi ne ma'auni na farko da malami zai rarrabe matsalolin ɗalibansa da shi.

1. Wurin da ake magana a kai

Matamaye tana kudu maso yamma da birnin Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takeita ta nufi iyakar Nijeriya ta wajen Daura. Yanki ne na noma, gero da gyaɗa da wake a tudu, rake da kayan lambu a fadama, kuma yana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Mafi yawan mutanen Hausawa ne, amma akwai Fulani da Buzaye da Barebari, waɗanda ƴaƴansu kan zo makaranta da wani harshen gida dabam. Makarantar allo ta riga ta boko a kowane ƙauye, kuma yara da yawa sun fara da ita.

Abubuwa biyu kuma sun shafi ajin firamare kai tsaye. Na farko shi ne sanƙarau. Yankin yana cikin zirin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana a 1963 a matsayin zirin wannan cuta a Afirka. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma gundumar lafiya ta Matamaye tana cikin waɗanda abin ya shafa. A ƙiyasin hukumar, kimanin mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya kan tashi da wata tawaya mai ɗorewa, kuma raunin ji na cikin waɗanda aka fi gani. Na biyu shi ne tafiyar cin rani da mata kan yi da ƙananan yara zuwa Aljeriya. Duniya ta ji labarinta a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar wannan ƙasa, 52 daga cikinsu yara, mafi yawansu ƴan ƙasar Kance. Yaran da suka je suka dawo lafiya sukan koma aji bayan watanni ko shekaru ba su riƙe alli ba.

2. Abin da doka ta tanada

Ta fuskar doka Nijar ba ta zo a makare ba. A Damagaram ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa da faransanci a 1973, shekara tara bayan Abdou Moumouni ya nuna, a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, cewa ba za a gyara makaranta ba sai an ba harsunan gida matsayinsu. Dokar tsarin ilimi ta ran 1 ga Yuni 1998 (LOSEN) ta amince da faransanci da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A 1999 aka tsaida ƙa'idojin rubutun hausa a hukumance. Daga 2015 aka gwada sabuwar manhaja mai farawa da harshen gida a makarantu 500, aka faɗaɗa ta zuwa 5000 a shekarar karatu ta 2017-2018. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa (Charte de la Refondation) ya ayyana hausa harshen ƙasa, ya mai da faransanci da ingilishi harsunan aiki.

Game da yara masu tawaya, taron Salamanka na ƙasar Sifen, a watan Yuni na 1994, ya haɗa gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 a kan manufa guda: makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro, ita ce za ta daidaita kanta da shi. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. An kafa makarantu na musamman, kamar ta makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba a Yamai, da kuma na kurame a Maraɗi da Damagaram. Sai dai waɗannan duk a manyan birane suke. Yaron ƙauyen Matamaye mai raunin ji ko na gani, in ya shiga makaranta, ajin kowa da kowa yake shiga, a hannun malamin da ba a horar da shi kan wannan aiki ba.

Sakamakon tsarin gaba ɗaya sananne ne. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da faransanci ke gudanarwa, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ɗaliban ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba; a 2019 sun kai kimanin 3 cikin 10. Wannan adadi yana da ma'ana ga batunmu: inda yawancin aji ba su iya karatu ba, yaron da ke da matsala ta musamman ba ya fita dabam, yakan ɓace a cikin taro.

3. Kalmomin da muke da su

Kafin mu shiga aji, ya kamata mu duba kalmomi, domin abin da ba shi da suna da wuya a lura da shi. Hausa tana da isassun kalmomi na tawayar da ido ke gani ko kunne ke ji:

(1) makaho, kurma, bebe, gurgu, mai i'ina

Waɗannan kalmomi suna da jam'i, kuma al'umma ta ba masu su tsari, har da sarauta: ana samun sarkin makafi da sarkin guragu a birane da yawa na ƙasar Hausa, a Kano kuma har da sarkin bebaye. Amma in aka zo ga matsalar koyo, wadda ba a gani a jiki, kalmomin da suka rage su ne:

(2) daƙiƙi, dolo, mai taurin kai, malalaci

Bambancin (1) da (2) a fili yake. Kalmomin (1) suna bayyana hali ne na jiki, na (2) kuwa hukunci suke yankewa. Wanda aka kira kurma an san abin da ya rasa, ana iya neman hanyar isa gare shi. Wanda aka kira daƙiƙi an rufe maganarsa ke nan, ba sauran tambaya. Aikin malami, a ganinmu, shi ne ya fasa wannan kalma, ya ga mutum nawa ne a cikinta. A Matamaye muna ganin aƙalla biyar.

4. Rukunan yara biyar

4.1. Wanda harshe ne kawai ya tsare shi

Wannan shi ne rukuni mafi girma, kuma ba shi da wata tawaya. Yaro ɗan shekara bakwai da ya shiga ajin CI da faransanci, ana neman ayyuka biyu a wurinsa lokaci guda: ya koyi sabon harshe, ya kuma koyi karatu a cikin wannan harshe. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere. Faransanci yana da fiye da goma, ban da na hanci. Kunnen Bahaushe bai saba rarrabe waɗannan ba:

(3) vie / vu / vous. Des / deux / dos. Banc / bon / bain

Haka kuma p da f da v, waɗanda hausa ba ta bambanta ma'ana da su. Bayan wannan sai rubutu. Sauti ɗaya, [o], ana rubuta shi eau, au, aux, haut. A wani bincike da Seymour da Aro da Erskine suka buga a 2003, an gwada yaran Turai a ƙarshen shekararsu ta farko ta karatu. Masu harsunan da rubutunsu ke bin furuci, kamar finlanci da italiyanci da sifaniyanci, sun karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomi daidai. Ƴan Faransa kusan kashi 80. Masu ingilishi kimanin sulusi. A lura cewa waɗannan ƴan Faransa da harshen suka tashi. Rubutun hausa na boko yana cikin nau'in farko: kusan kowane harafi da sautinsa guda.

4.2. Mai raunin ji

Ba kurman da ba ya ji sam ba ne ya fi wuyar ganewa, domin shi iyayensa sun sani. Mai wuyar shi ne wanda ke ji rabi-rabi, bayan sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne mai ruwa da ya daɗe. A gida yana tafiyar da rayuwarsa, domin ya san harshen, kuma yana cike giɓin abin da bai ji ba da abin da ya sani. In raunin ya shafi kunnen ciki, sau da yawa siraran sautuka ne ke fara ɓacewa. Ƙarfin sautin s yana sama da Hz 4000, alhali wasula da karin sauti suna can ƙasa. Saboda haka yaron na iya jin karin kalma da tsawon wasulanta, ya rasa baƙin farko:

(4) sara / tsara / shara / tara

A hausa, karin sauti da ma'anar jimla sukan taimake shi ya zaɓi daidai. A faransanci wannan taimako babu shi, kuma nahawun harshen ya rataya a kan ƙananan kalmomi masu saurin wucewa, kamar le, les, un, une, de, du. Karatun leɓe ma yana da iyaka: b da ɓ da m kamarsu ɗaya a baki, k da g da ƙ ba a ganinsu, kari kuma ba ya fitowa a leɓe. In aka ƙara da ajin zana, inda muryar ajin maƙwabta ke shigowa ta ko'ina, za a ga cewa yaron da aka zaunar a baya an fid da shi daga darasi ke nan.

4.3. Mai raunin gani

Inda littafi bai wadata ba, baƙin allo shi ne littafin kowa. Yaron da ba ya hangen nesa yakan kwafi daga littafin na kusa da shi, har da kurakuransa, sai a ce yana satar amsa. Zabiya kusan kullum suna cikin wannan rukuni, domin raunin gani da rashin jure haske suna tafiya tare da halittarsu. A rubutun hausa akwai ƙarin abin lura: bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ɗan lanƙwasa ne kawai, amma shi ne ya raba kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai. In malami bai fito da ƙugiyar sosai ba, mai raunin gani ba zai gan ta ba.

4.4. Wanda karatunsa ya yanke

Wannan shi ne yaron cin rani, ko na kiwo, ko yarinyar talla. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, sau da yawa ma ya fi tsaransa wayo da sanin lissafin kuɗi. Abin da ya rasa makonni ne ƙididdigaggu, waɗanda aka koyar da wasu haruffa a cikinsu. Da yake manhaja ba ta waiwaye, giɓin mako shida a CI yakan bi shi har CM2. Shekarunsa kuma sun wuce na ajin, kunya takan hana shi tambaya.

4.5. Mai matsalar haɗa baƙi

Bayan an ware waɗancan huɗu, akwai ragowar yara ƙalilan da ke ji, suna gani, suna zuwa kullum, suna da fasaha a baka, amma haɗa harafi da sauti ya gagare su. Wannan ita ce ake kira dyslexie da faransanci. Muna ba da shawarar a ce da ita matsalar haɗa baƙi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa alamarta ita ce juya b da d. Juya haruffa abu ne da yawancin masu fara rubutu ke yi na ɗan lokaci. Asalin matsalar tana wajen rarraba kalma zuwa ƙwayoyin sautinta. Za a iya gwada wannan da baki, ba tare da alli ba: a ce wa yaro ya cire gaɓar farko ta takalmi, ko ya kawo kalmomi uku masu farawa kamar rana. Amma gwajin ba shi da ma'ana sai a harshen da yaron ya mallaka. In aka yi shi da faransanci, duk ajin zai faɗi.

5. Tsarin tantancewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tambayoyin da malami zai yi suna da jeri, kuma ba su buƙatar na'ura.

Da farko ya yi hira da yaron da harshen gidansa: ya ba shi gajeren labari, ya nemi ya maimaita. In ya maimaita daidai, fahimtarsa lafiya take. Na biyu, ya tsaya a bayansa ya faɗi kalmomi irin na (4) da murya ƙasa-ƙasa, kunne ɗaya bayan ɗaya. Na uku, ya rubuta haruffa manya da ƙanana a allo, ya sa yaron ya nuna su daga baya, sannan daga gaba. Na huɗu, ya duba rajistar kira, ya kuma tambayi iyaye ko yaron ya taɓa yin zazzaɓi mai tsanani ko doguwar tafiya. Sai bayan waɗannan ne za a yi maganar haɗa baƙi. Wannan tantancewa ba ta maye gurbin likita, amma ita ce ke nuna wa malami wanda zai tura asibiti da wanda sauya mazauni kawai zai ishe shi.

Mun ga misalin haka a wata makarantar ƙauye ta yankin, a ajin CP. Wata yarinya tana zaune a layin ƙarshe, idonta a kan bakin ƙawarta maimakon allo. Muka ce: "Malam, waccan ta bayan fa?" Ya ce: "Allah ya gafarta malam, wannan shekararta biyu a ajin nan, ko sunanta aka kira sai an taɓa ta." Amsar tana cikin maganarsa, amma bai ji ta ba, domin rabin ajin ma ba su amsa tambaya in an yi ta da faransanci. Da aka tambayi mahaifiyarta, ta ce yarinyar ta yi sanƙarau tana shekara huɗu. Ba za mu ɗora wa malamin laifi ba. Aji ne cike, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da zai duba.

6. Abin koyi daga makarantar allo

Akan ɗauka cewa koyar da kowane yaro gwargwadon matakinsa dabara ce da aka shigo da ita daga waje. Alhali a kowane ƙauye na Matamaye akwai makarantar da ke yin haka tun da daɗewa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, da inda ya tsaya. Ba a wanke masa sai ya iya, kuma ba ya jiran kowa. Manya, watau gardawa, suna biya wa ƙanana. Koyon karatu ma mataki-mataki ne: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan haɗawa. Makafi da dama sun haddace Alƙur'ani a wannan tsari, domin kunne da baki ne ginshiƙinsa.

Ba muna cewa a kwafi tsarin baki ɗaya ba. Manufarsa dabam ce, kuma yaro yakan daɗe yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba, wanda shi ne aibin da muke gani a ajin faransanci. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar cewa matakin yaro ke sa darasi, ba shekarunsa ba. A kan wannan ƙa'ida ce ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina hanyarta ta rarraba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, kuma a Nijar shirin "École pour tous", wanda aka fara a 2004 da taimakon Japan, ya yi amfani da irinta a darussan ƙari da kwamitocin makarantu suka shirya bayan tashi. Ga yaran 4.4 kuma akwai tsarin gada (passerelle), wanda gidauniyar Strømme ta Norwe ta fara a Mali a 2004 kafin ya iso Nijar: yara masu shekara 8 zuwa 12 sukan yi wata tara, watanni biyu na farko da harshen gida, sannan a gwada su a saka su ajin da ya dace.

Yaron da ya zo daga allo, wanda wani lokaci yakan fara rubutu daga dama, bai kamata a lissafa shi cikin masu matsala ba. Ya riga ya san babban sirrin karatu, watau cewa alama tana wakiltar sauti. In malami ya ce masa baƙaƙen boko su ne babbaƙu, wasula kuma su ne farfaru amma a jere ake rubuta su, ya rage masa tafiyar watanni.

7. Ribar aikin

Riba ta farko ita ce gyaran da aka yi don yaro ɗaya yakan amfani kowa. Malamin da ya daina magana yana fuskantar allo saboda mai raunin ji, duk ajin ne ke ƙara jinsa. Wanda ya ƙara girman rubutunsa, ya kuma riƙa faɗin abin da yake rubutawa saboda mai raunin gani, ya taimaki na layin baya duka. Wasannin rarraba gaɓa da aka shirya don mai matsalar haɗa baƙi su ne tushen karatu ga kowane mai farawa.

Ta biyu ta shafi shi kansa malamin. Wanda ke ganin yara talatin daƙiƙai a gabansa, aikinsa ba shi da mafita, kuma daga nan ne bulala da gajiyar zuciya ke fitowa. Wanda ya gane cewa yawancinsu harshe ne ya tsare su, wasu fashi ne, ɗaya ko biyu kunne ko ido, ya sami aikin da zai iya tsarawa. Malamin da muka ambata ya dawo da yarinyar layin gaba tare da ƙawarta, ya bar su su yi amfani da alamun hannun da suka ƙirƙira tsakaninsu. Da muka koma ƙarshen shekara tana haɗa gaɓoɓi a hankali. Ya ce da mu abin da ya fi damunsa shi ne tunanin irinta nawa suka wuce ta hannunsa a shekarun baya.

Ta uku ta sashenmu ce. Waɗannan azuzuwa fage ne na bincike da ba a taɓa ba sosai: yadda mai raunin ji ke amfani da karin sauti, irin kurakuran da rashin nuna tsawon wasali da karin sauti ke jawowa (gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka na miya), da alamun hannu na ƙauye.

8. Wahalhalun da suka rage

Koyarwa da hausa tana buɗe ido, amma ba ta warware komai da komai.

Na ɗaya, hausa ba harshen gidan kowa ba ne. Ɗan Fulani ko ɗan Buzu da ya shigo ajin hausa yana iya zama a matsayin da Bahaushe yake a ajin faransanci, ko da yake nisan bai kai haka ba, tun da yana jin hausa a kasuwa da wurin wasa. Tantancewar da muka bayyana a sashe na 5 dole a yi masa ita da fulfulde ko tamajak, ko da ta bakin wani babban ɗalibi.

Na biyu, ga kurman da ba ya ji sam, hausar baka ma baƙon harshe ce. Harshensa na farko maganar hannu ce. Constanze Schmaling ta nuna, a littafinta na shekarar 2000 a kan kuramen Kano, cewa maganar hannu ta ƙasar Hausa cikakken harshe ne mai nahawunsa. Makarantun kurame na yankinmu kuwa sun gaji wani harshen hannun dabam, mai tushe a Amurka, wanda Andrew Foster da ɗalibansa suka yaɗa a Afirka. Ke nan matsalar harshen gida da harshen makaranta tana nan har a tsakanin kurame.

Na uku, jin hausa dabam, iya rubuta ta da koyar da ita dabam. Malamai da yawa ba su taɓa koyon ƙa'idojin 1999 ba, wasu kuma an turo su daga yankin da ba a jin harshen. Akwai kuma batun karin harshe: inda yaro ke cewa tahi da hita, littafi na cewa tafi da fita, in malami bai sani ba sai ya lissafa wannan a matsayin kuskuren karatu.

Na huɗu, iyaye suna da shakka, kuma suna da hujja: sun ga cewa jarrabawa da aikin gwamnati da faransanci aka daɗe ana samunsu. Amsar da ilimin harshe ke bayarwa, tun daga aikin Cummins na 1979, ita ce iya karatu sau ɗaya ake koyonsa, sannan ya ƙaura zuwa harshe na biyu. Amma ƙaurar ba ta yin kanta. Sai an nuna wa yaro a fili cewa c na ciki ba shi ne c na cahier ba, u na uwa kuma faransanci ou yake rubuta shi.

Na biyar, yawan yara da ƙarancin lokaci. Tantance kowane yaro na ɗaukar mintoci, kuma wanda aka gano yana buƙatar tabarau ko na'urar ji, ba lalle ne iyayensa su iya saye ba.

9. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kalmar daƙiƙi tana rufe rukunan yara aƙalla biyar, kuma malami ba zai iya rarrabe su ba sai ya yi magana da su da harshen da suka mallaka. Matsayin da aka ba hausa a 2025 zai iya sauƙaƙa wannan a yanki irin Matamaye, in har horon malamai ya biyo baya. Muna ganin ayyuka uku suna jiran sashenmu da ɗalibanmu masu neman batun bincike: a tsara gajeren gwajin ji da na rarraba sauti da hausar Damagaram, wanda malami zai yi cikin minti goma, a tsaida kalmomin hausa na matsalolin koyo, waɗanda ke bayyanawa ba tare da zagi ba, a kuma tattara alamun hannu da kuramen ƙauyukan Kance ke amfani da su, a kwatanta su da na Kano. Muna maraba da gyara da ƙarin bayani daga abokan aiki, musamman waɗanda suka riƙe aji a karkara.